Fraunhofer: Tsarin kuɗin bincike da ya haifi MP3

Ranar 26 ga Maris, 1949, tun birnin Munik na Jamus bai gama share ɓaraguzan Yaƙin Duniya na Biyu ba, wasu malaman jami'a da masu masana'antu da jami'an gwamnatin jihar Bavariya suka zauna suka kafa wata ƙungiya. Burinsu su samo kuɗi don binciken da zai amfani masana'antu kai tsaye. Ofis guda suka buɗe, da ma'aikata uku.

Suka raɗa mata sunan Joseph von Fraunhofer, maraya ɗan koyon aikin gilashi wanda gini ya rufta da shi a 1801 aka zaƙulo shi da rai. Yaron nan ya girma ya zama masanin haske, gwanin ƙera madubin hangen taurari, kuma mai tafiyar da masana'anta, kafin ya rasu a 1826 yana da shekara 39. Ilimi da sana'a da kasuwa sun haɗu a hannun mutum ɗaya, kuma abin da masu ƙungiyar ke fata ke nan.

Shekarun farko ba su yi daɗi ba. Ƙungiyar Max Planck ta riga ta kama fagen zurfafan binciken kimiyya, sabuwar kuwa tana ta laluben wurin zama. Sai a 1954 ta buɗe cibiyarta ta farko, a Mannheim. Daga 1956 ma'aikatar tsaro ce ta riƙe ta da kwangiloli, har babban kaso na kuɗinta ya zama na aikin soja, abin da ya jawo mata suka a ƙarshen shekarun 1960.

A 1973 gwamnatin tarayya ta amince da tsarin da ya sauya komai. Gwamnati za ta ba da kuɗin tushe, amma yawansa zai dogara ne kan abin da ƙungiyar ta samo da kanta daga kwangilolin bincike. Idan ta jawo kamfanoni, a ƙara mata. Idan ta zauna jiran kasafi, ta ga rabonta yana ƙanƙancewa. A hankali lissafin ya daidaita kusan kashi uku: ɗaya kuɗin tushe, ɗaya daga kamfanoni, ɗaya daga ayyukan gwamnati da ake takara a kansu. A kuɗin tushen, tarayya na zuba kashi 90 cikin 100, jihohi su cika sauran.

Mutane kan ruɗu da ɓangaren kamfanoni, su manta da kuɗin tushen, alhali a can hikimar take. Kamfani yana biyan abin da zai sayar baɗi ne. Ba ya biyan aikin da sai bayan shekara goma za a san ko zai yi. Kuɗin tushe shi ke ɗaukar wannan kasada. Shi ya sa ma a rabon cikin gida aka sa iyaka: cibiyar da kuɗin kamfanoni ya yi mata yawa fiye da kima, ladanta ba ya ci gaba da hauhawa, don kada ta koma 'yar aiken masu kuɗi.

To ina jami'a a nan? Shugaban cibiya, a bisa al'ada, farfesa ne mai kujera a jami'ar garin. Ɗalibansa masu neman digirin digirgir suna rubuta kundinsu a kan matsalar da wani kamfani ya kawo, suna karɓar albashi, bayan 'yan shekaru da yawansu su wuce masana'antu da abin da suka koya. Jami'a ta samu na'urori da aikin yi, kamfani ya samu ƙwararru.

A garin Erlangen aka ga amfanin wannan ƙulli ƙarara. Tun ƙarshen shekarun 1970 Farfesa Dieter Seitzer na jami'ar garin yake tunanin yadda za a tura kiɗa ta layin tarho ba tare da ya lalace ba. Ya ɗora ɗalibinsa Karlheinz Brandenburg a kan aikin. A 1987 jami'ar da cibiyar Fraunhofer ta garin suka haɗa hannu a ƙarƙashin wani shirin ƙasashen Turai na rediyon dijital, wanda kuɗin gwamnati ya ɗauki nauyinsa. Dabarar da suka bi ta dogara ne kan raunin kunnen ɗan Adam: ƙara mai ƙarfi tana danne mai rauni, kamar yadda raɗa ke ɓacewa kusa da injin niƙa. Duk abin da kunne ba zai ji ba sai a zubar, waƙa ta ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Muryar mawaƙiyar Amurka Suzanne Vega a wata waƙarta ta ba su wahala, don kuwa ita kaɗai ce ba kiɗa, ko ƙaramin kuskure sai ya fito fili. Brandenburg ya yi ta maimaita sauraronta yana gyara. Ya kammala digirinsa a 1989, hukumar tsara ma'aunai ta duniya ta karɓi fasahar a farkon shekarun 1990, ranar 14 ga Yuli, 1995 kuma aka zaɓa mata suna MP3.

Duk wanda ya taɓa miƙa memori ga masu tura waƙa a Kano ko Damagaram, a loda masa Shata ko karatun Alƙur'ani ko wa'azi, ya ci gajiyar harajin Jamusawa bai sani ba.

Sai dai riba mafi tsoka ba a Jamus ta sauka ba. Manyan kamfanonin kayan lantarkin ƙasar sun yi sanyin jiki. Kamfanin Saehan na Koriya ta Kudu ne ya fito da MPMan a 1998, Apple na Amurka kuma ya kwashe kasuwa da iPod daga 2001. Gwamnati na iya biyan bincike, amma ba ta iya tilasta wa ɗan kasuwa ya ga abin da ke gabansa. Abin da ya dawo wa Fraunhofer shi ne kuɗin lasisi, wanda ya kai kusan Yuro miliyan 100 a 2005 kaɗai, aka kuma zuba wani ɓangarensa cikin gidauniya don sabon bincike.

Wasu ƙasashe sun kwaikwayi tsarin. Faransa ta ƙirƙiro cibiyoyin Carnot a 2006, Birtaniya ta fara na Catapult a 2011. Kwafar lissafin kashi uku abu ne mai sauƙi. Abin da ya fi wuyar samu shi ne dubban matsakaitan kamfanonin ƙere-ƙere irin na Jamus, masu matsala a hannu da kuɗin biyan mai warware ta, da kuma gwamnatin da za ta riƙe alƙawari shekara hamsin ba ta sauya ba. A yau ƙungiyar Fraunhofer tana da cibiyoyi sama da 70, ma'aikata fiye da 30,000, da kasafin da ya haura Yuro biliyan 3 a shekara. Lasisin MP3 kuwa an rufe shi a watan Afrilu 2017, bayan da wa'adin haƙƙin mallakar fasahar ya cika.