Iskandariyya Bayan Baƙi Sun Watse

Duk wanda muka shaida wa a Alƙahira cewa za mu Iskandariyya a watan Janairu sai ya dube mu da mamaki. A wurin Misirawa, Iskandariyya garin lokacin zafi ce. Daga Yuni zuwa Satumba, idan rana ta hana mutanen Alƙahira sakat, iyalai kan kwashi tabarmi da tukwane su nufi bakin Bahar Rum, su cika gidajen haya, su mamaye rairayi har a rasa inda za a sa ƙafa. Da an koma makaranta kuwa sai kowa ya naɗe kayansa. Mu dai muka hau jirgin ƙasa, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai, muka sauka a tashar Sidi Jabir ana yayyafi.

Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne hunturun kansa. Mu hunturun da muka sani na ƙura ne da bushewar leɓe, nasu kuwa na ruwa ne. Ruwan da ke sauka a garin a shekara wajen milimita 200 ne kawai, amma kusan dukkansa tsakanin Nuwamba da Maris yake zuba, tare da iska mai ƙarfi daga teku. Mun tarar da kujerun bakin teku an jibge su an ɗaure da igiya, lemomin inuwa a naɗe, igiyar ruwa tana dukan katangar Kurnish, wato babban titin da ya bi gaɓar teku, tana watso gishiri a kan motoci. A unguwannin Miyami da Asafra da Mandara, dogayen benaye ne jere, yawancin tagoginsu a rufe. Mai gadin gidan da muka sauka, wani dattijo ɗan kudancin Masar, ya ce ɗalibai ake ba hayar ɗakunan da arha a wannan lokaci, bisa sharaɗin su tashi kafin masu hutu su dawo.

A cikin wannan shiru ne muka gane cewa garin hutun da Misirawa suka sani sabon abu ne, bai kai shekara 200 ba, an ɗora shi ne a kan wani tsohon gari da ya fi shekara 2,300. Idan masu hutu suna nan, hayaniyarsu ta rufe tsohon. Sai sun tafi ake ganinsa.

Sarki Iskandar na Makidoniya ne ya kafa birnin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Magadansa suka gina shahararren ɗakin karatu, da hasumiyar Faros mai haska wa jiragen ruwa hanya, wadda tsawonta ya haura mita 100. Kusan shekara dubu Iskandariyya tana riƙe da sarautar Masar, har Amru ɗan Asi ya karɓe ta a hannun Rumawa a shekara ta 642, aka mai da gadon mulki Fusɗaɗ, inda Alƙahira take a yau. Birnin bai mutu nan take ba. Ya ci gaba da zama tashar fatake da matattarar malamai na ƙarnoni. Amma girgizar ƙasa ta 1303 ta yi wa hasumiyar mummunar ɓarna, kuma lokacin da Ibn Baɗuɗa ya sake biyowa a 1349 ya tarar ta lalace har ba a iya shigarta. A 1477 Sarki Ƙaitbai ya fara gina ganuwarsa a kan tushenta. Ganuwar tana nan. Ranar da muka je, mu da masu gadi ne kawai a ciki, sai ruwa da ke tsalle yana tsallake duwatsun kankare da aka jera don kare ta.

Abin da ya durƙusar da garin shi ne ƙishirwa. Iskandariyya ba a bakin Nilu take ba, da mashigin ruwa aka haɗa ta da kogin. Da aka yi sakaci mashigin ya cike da laka, sai ciniki ya koma Rashid, garin da ke bakin kogin. Lokacin da Napoleon ya sauka da dakarun Faransa a 1798, 'yan dubban mutane kawai ya tarar, yawancinsu masunta da ƙananan 'yan kasuwa, sun takure a ɗan zirin ƙasa tsakanin tasoshin ruwa biyu, kufai yana kewaye da su.

Muhammadu Ali Basha ne ya tayar da ita. Ya sa aka haƙa mashigin Mahmudiyya, aka buɗe shi a 1820, ruwan Nilu ya sake isowa. Manoma aka kwaso daga ƙauyuka aka tilasta musu aikin, dubbai daga cikinsu suka mutu a bakinsa saboda yunwa da cuta da gajiya. Wanda ke shan iska a Kurnish ba ya tuna su, amma da guminsu aka sayi wannan iska. Bayan ruwa sai auduga ta biyo. Masar ta fara noman auduga mai dogon zare, kuma da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya katse audugar can, masaƙun Ingila suka juyo Masar, dukiya ta kwararo tashar Iskandariyya. A 1856 layin dogo ya haɗa ta da Alƙahira. Girkawa da Italiyawa da Yahudawa da Armeniyawa da mutanen Sham suka cika gari, suka kafa bankuna da makarantu da asibitoci da maƙabartu nasu.

A wannan zamani ne al'adar hutun zafi ta samu. Muhammadu Ali ya gina fadar Ra'asut Tin a bakin teku, zuriyarsa suka riƙa ƙaura zuwa can idan zafi ya matsa. Inda sarki ya tafi nan fadawa za su bi, don haka ministoci da jakadu su ma suka riƙa kwashe watannin zafi a Iskandariyya, gwamnati ta yi ofisoshinta na bazara a unguwar Bulkili. A 1863 aka buɗe layin Ramla, ƙaramin jirgin da dawakai suka fara ja, ya bi gabas cikin rairayi, attajirai suka gina gidajen shaƙatawa a gefensa. Ko luguden wutar da jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin a 11 ga Yuli 1882 bai tsayar da wannan ba. A 1892 Khidiwi Abbas Hilmi na Biyu ya gina fada a Muntaza, a 1934 kuma aka kammala Kurnish. Teku da dā hanyar fatake ce da maƙiya, ta zama wurin wanka.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma Iskandariyya ta ga gaskiyar maganar cikin shekara goma. A 26 ga Yuli 1952 Sarki Faruƙ, wanda juyin mulki ya riska yana hutun zafi, ya sa hannu kan takardar murabus a Ra'asut Tin, ya shiga jirgin ruwansa Mahrusa ya bar ƙasar. Shekara huɗu cif bayan haka, a dandalin Manshiyya na wannan gari, Jamal Abdul Nasir ya shelanta mai da mashigin Suwez mallakar Masar. Yaƙin da ya biyo baya ya sa aka kori Ingilawa da Faransawa da Yahudawa da yawa, dokokin karɓe kamfanoni na 1961 kuma suka sa Girkawa da Italiyawa suka tattara. Cikinsu akwai waɗanda a nan aka haifi kakanninsu, waɗanda ba su san wani hunturu ba sai na Iskandariyya. Mu da muka san ɗacin a kira mutum baƙo a garin da aka binne cibiyarsa, mun daɗe a tsaye a gaban tsofaffin gidajensu. Sunayensu ne suka rage a bakin direbobi: Zizinya, Gilim, San Istifano, Istanli.

An buɗe lambunan Muntaza ga talakawa, ma'aikata da manoma suka gaji rairayin bashoshi. Daga baya masu kuɗi suka ga cunkoso ya yi yawa, suka matsa yamma zuwa Ajami, sannan zuwa ƙauyukan hutu masu katanga da aka jera a gaɓar arewa. Waɗannan su ne ke mutuwa murus a hunturu, domin babu wani gari a ƙarƙashinsu. Iskandariyya kuwa, da miliyoyin mazaunanta da tashar jiragenta da masana'antunta, numfashi kawai take sauke wa.

Wanda yake son ganin tsohon garin ya tafi Anfushi, unguwar masunta, wato zirin nan da Napoleon ya tarar. A can muka ga maƙera jirage suna fafe katako a bakin ruwa, jiragen kamun kifi a ɗaure saboda iska. Masuntan suna da lissafin guguwar hunturu da suka gada, kowace da sunanta da lokacinta, suna kiransu nawwa. Akwai Maknasa, wato tsintsiya, a tsakiyar Nuwamba, da Ƙasim a farkon Disamba, da Faida Babba a Janairu, har zuwa Awwa a ƙarshen Maris, wadda ke rufe hunturu. Yadda manominmu ke duban taurari kafin ya yi shuka, haka masunci ke ƙirga nawwa kafin ya kwance jirgi. Sarakuna sun zo sun wuce, wannan lissafi bai canja hannu ba.

A nan Anfushi ne kuma masallacin Abul Abbas Almursi yake, wanda ya rasu a 1287, kusa da shi kuma masallacin Imamu Busiri mai Burda, inda ake ziyartar kabarinsa. Ba wanda ya tashi a zaurukanmu da sunan Burda zai zame masa baƙo. A cikin gari akwai kabarin Abubakar Aɗɗurɗushi, malamin Malikiyya da ya rasu a 1126, mai littafin Sirajul Muluk da malaman jihadin Sakkwato suka yi ta kafa hujja da shi kan adalcin masu mulki. Almursi daga Mursiya ya fito, Aɗɗurɗushi daga Ɗurɗusha, dukansu a Andalus. Baƙi ne su ma, amma sun zauna, sun karantar, sun mutu a nan, yau ba mai kiransu baƙi. Ginin masallacin Almursi na yanzu ma, magina Italiyawa ne suka zana shi.

Abin da ke barazana ga garin a yau shi ne tekun da ake zuwa kallo. Wani ɓangare na tsohon birnin sarakunan Girka yana ƙarƙashin ruwan tashar gabas, inda masu nutso suka gano ginshiƙai da gumaka a shekarun 1990. Ƙasar bakin Nilu tana nitsewa a hankali, teku kuma tana tasowa. A Oktoban 2015 ruwan sama ya shanye tituna, aka rasa rayuka, har gwamnan lardin ya ajiye aiki. Mai hutun Agusta ba ya ganin wannan, domin shi teku a kwance yake samunta. Wanda ke kwashe ruwa daga shagonsa a Janairu shi ya san halinta.

Daren ƙarshe mun zauna a wani shagon shayi da ke kallon tashar gabas, muka sayi gasasshen dankali a wurin mai kura, muna ɗumama hannu da shi. A teburin kusa da mu wasu tsofaffin masunta suna gardama kan ko iskar za ta kwanta jibi ko sai gata. Mun tambayi ɗaya daga cikinsu ko yana kewar masu hutu. Ya yi dariya ya ce kuɗinsu dai yana da amfani, amma har su tafi ba su taɓa tambayarsa sunan ko da guguwa ɗaya ba. Muka roƙe shi ya jero mana su daga farko, muka rubuta a bayan tikitin jirginmu.