Mudunmu da Mudun Jamusawa

A watan Maris na 1851 wani Bajamushe, Dokta Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya sauka a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya tarar da gari mai kasuwa, inda fatake ke hada-hadar kanwar Barno. Mai karatu zai zaci baƙon nan ya fito daga ƙasar da kowa ke awo da ma'auni ɗaya. Ko kusa ba haka ba ne.

A lokacin nan Jamus ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna, kowace masarauta da nata ma'auni. Suna auna hatsi da wani abu mai suna shefel. A Furusiya shefel ɗaya wajen lita 55 ne, a Diresdin wajen lita 104, amma a Bafariya ya zarce lita 220. Watau suna ɗaya, ciki daban-daban. Abin sha kuwa, mutanen Bafariya da mas suke auna shi, wanda ya ɗara lita ɗaya kaɗan, idan ya yi yawa sai a koma ga aima, kalmar da ma'anarta bokiti ce kawai. Falken da ya ƙetare iyaka dole ya sake lissafi, in ba haka ba ya tafka asara. Sai a 1868 aka yi dokar lita da kilo a arewacin ƙasar, ta fara aiki a duk Jamus ran 1 ga Janairu, 1872. Barth bai ga wannan ba, domin ya mutu tun 1865.

To, mu dawo gida. Kalmar mudu daga Larabci muka aro ta, kuma addini ne ya fara kafa mata iyaka. Mudun Annabi shi ne cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, huɗunsa su ne sa'i, abin da ake fitar wa kowane mutum a zakkar fid da kai. Sa'i 60 wusƙi ɗaya ne, wusƙi biyar kuwa su ne nisabin zakkar hatsi. Amma manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar ba ya zaman auna sa'i 300. Damunansa yake ƙirgawa, ya ware ɗaya cikin goma. Dami kuma ai gwargwadon hannun mai ɗauri ne.

Mudun kasuwa dabam yake, ya fi na zakka girma nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa zama ɗaya ba a ko'ina. Da ƙwarya da akushi aka fara, daga baya kwanon Bature ya maye gurbinsu. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari, inda mutanen Nijar ke haɗuwa da namu, za ka ji wani na cewa tiya, wani kwano, ana lissafin 40 a buhu. Nono da koko da ludayi ake sayar da su, man gyaɗa da kwalba, kananzir da galan ko garwa, wadda dangin aimar Jamusawa ce, tun da ita ma mazubi ce aka mayar ma'auni.

Nijeriya ta yi tata dokar awo a 1974, amma har yau ban ga uwar gida ta aiki yaro ya sayo kilo biyu na gero ba. A ganina ba jahilci ne ya jawo haka ba. Kwano a gaban idon mai saye yake. Yana ganin yadda aka tula, yana iya neman gyara, sikeli kuwa sai wanda ya iya karatunsa. Sai dai wannan sauƙin shi ne ƙofar cuta. Akwai ma'aunin da ke ajiye kwano biyu, babba na saye a hannun manomi da kaka, da wanda aka buge wa gindi na sayarwa da bazara, lokacin da rumbu ya ƙare. Wani ma ya kan tare hatsi da hannu in shi ke saye, ya janye hannun in sayarwa yake yi. A dā wannan aikin Sarkin Kasuwa ne da Korama, shugabar masu awon hatsi, su ke duba mudu su tsawata wa mai tauyewa.