Atisayen Kai Ɗauki Idan Motar Fasinja Ta Yi Hatsari

Atisayen kai ɗauki shi ne kwaikwayon hatsari domin kamfanin sufuri ya gwada shirinsa tun kafin ranar ruɗani. Akan haɗa direbobi da ma'aikatan lafiya da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Akan auna mintunan da ke tsakanin kiran lamba 122 da isar majinyaci Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse. Takardar sunayen fasinjoji da ake cikewa a tasha ita ke nuna iyalan da za a sanar.

Mafi wuya shi ne hana cincirindo. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, cikin Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka rasu lokacin da tankar mai da ta kife ta kama da wuta jama'a na kewaye da ita.