Albam ɗin da ya fi kowanne, in ji wa?

Kullum muna musu a kan albam ɗin wane ya fi na wane, to ku ji wannan. A 2003 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta jera albam 500 mafiya inganci a tarihi. Sgt. Pepper na Beatles ne na ɗaya, huɗu cikin goman farko ma nasu ne. Rap kuwa, wanda ni shi na tashi ina ji, sai ka gangara lamba 48 kafin ka ga Public Enemy. A 2020 aka sake ƙuri'ar da sababbin alƙalai, mata da baƙar fata suka ƙaru. Sai ga Marvin Gaye a sama, Lauryn Hill ta goma. Sgt. Pepper ya zame zuwa 24, alhali tun 1967 ko baiti ɗaya ba a sauya masa ba fa.