Binciken Nasaba a Ingila: Rajistar Coci da Gwajin DNA

Binciken nasaba fanni ne na bin diddigin iyaye da kakanni ta hanyar hujjojin da za a iya tantancewa. A Ingila ya tsaya a kan ginshiƙai biyu: littattafan rajista da majami'u suke cikewa tun ƙarni na 16, da gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, wanda ya iso hannun jama'a a farkon ƙarni na 21. Rajista tana ba da suna da rana da gari, gwajin kuma yana nuna ko jini ya bi hanyar da takarda ta ce ya bi.

Asali

A ranar 5 ga Satumba, 1538, Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowane limamin coci da ya tanadi littafin rubuta baftisma da ɗaurin aure da jana'izar da aka yi a yankinsa. An sharɗanta a cike littafin duk ranar Lahadi a gaban ɗaya daga cikin masu kula da cocin, a adana shi cikin akwati mai makulli biyu, wanda ya yi sakaci kuma a ci shi tarar sule uku da kwabo huɗu. Faransa ta yi irin wannan doka a 1539, Cocin Katolika kuma ya ɗora wa limamansa wannan aiki a taron Trent na 1563.

Da yake takardun farko ba su da ƙarko, a 1598 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta amince a koma rubutu a kan fata, a kuma kwafe tsofaffin bayanai, musamman tun daga shekarar da ta hau gadon sarauta. Dalilin ke nan da ya sa rajistar garuruwa da dama ta fara daga 1558. Dokar ta wajabta aika wa bishop kwafi kowace shekara, kuma waɗannan kwafe-kwafe ne suka cike gurbi a wuraren da gobara ko laima ko ɓeraye suka lalata na asali.

Siffar rajista

Bayanan farko gajeru ne: sunan yaro, sunan mahaifinsa da ranar baftisma. Sau da yawa ba a ambaton mahaifiya, kuma ranar da aka rubuta ba ita ce ranar haihuwa ba. Wasu limamai sun yi rubutu da Latin har zuwa 1733, sunan iyali ɗaya kuma yakan zo da rubutu iri-iri gwargwadon yadda kunnen marubuci ya ji shi. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, saboda haka yaron da aka rubuta a Fabrairun 1700, a lissafin yau ɗan 1701 ne. Yaƙin basasa na shekarun 1640 ya bar giɓi a littattafai masu yawa.

Dokoki uku ne suka daidaita tsarin. Daga 1754 aka ware littafin aure, inda ango da amarya da shaidu suke sa hannu ko su yi alama. Daga 1813 aka kawo littattafai bugaggu masu gurbin sana'ar uba da mazauninsa da shekarun mamaci. Daga 1 ga Yuli, 1837 kuma gwamnati ta kafa nata rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales.

Gwajin DNA

Gwajin iri uku ne, kuma ana yin sa da miyau ko da ɗan auduga da aka goga a cikin kumatu. Na farko yana duba kuromosom Y, wanda ɗa namiji yake gada daga mahaifinsa kusan ba canji, don haka yake tafiya tare da sunan iyali. A 2000 Farfesa Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya gwada maza masu sunansa, ya tarar kusan rabinsu tsatsonsu ɗaya ne. Na biyu yana duba DNA na mitokondiriya, wanda uwa take ba 'ya'yanta duka, amma mata kaɗai ke miƙa shi gaba. Na uku yana duba sauran tagwayen kuromosom 22, waɗanda ake gada ta ɓangaren uwa da na uba. Mutum yana tarayya da mahaifinsa a rabin waɗannan, da kakansa a kimanin kashi 25 cikin ɗari, da ɗan kawunsa a kimanin kashi 12.5. Rabon yana raguwa da nisan dangantaka, har ya kai inda gwajin ba ya iya ganin ta bayan zuriya biyar ko shida.

Inda ake samun bayanan

Dokar cocin Ingila ta 1978 ta sa an mayar da mafi yawan tsofaffin littattafan zuwa ma'ajiyoyin tarihi na gundumomi. Ƙungiyar binciken nasaba ta Utah a Amurka, wadda aka kafa a 1894, ta fara ɗaukar hotunan irin waɗannan takardu a 1938, kuma taskarta ce ake buɗewa yau a intanet da sunan FamilySearch. Kamfanin FamilyTreeDNA ya fara sayar da gwaji ga jama'a a 2000, AncestryDNA ya biyo baya a 2012. Mafi yawan waɗanda ke cikin rumbunan kamfanonin 'yan asalin Turai ne, shi ya sa sakamakonsu ya fi na sauran jama'a cikakken bayani.

Muhimmanci

Fitaccen misali shi ne na Sarki Richard na Uku, wanda aka kashe a yaƙin Bosworth a 1485. A 2012 aka tono wani ƙwarangwal a ƙarƙashin wurin ajiye motoci a birnin Leicester. Tun kafin nan masanin tarihi John Ashdown-Hill ya bi salsalar 'yar'uwar sarkin, Anne ta York, daga uwa zuwa 'ya har zuwa zuriyarta da ke raye. DNA na mitokondiriya ya dace da na mutum biyu daga wannan zuriya, kuma a ranar 4 ga Fabrairu, 2013 Jami'ar Leicester ta bayyana cewa ƙasusuwan na sarkin ne. Kuromosom Y kuwa bai dace da na mazan da takardu suka haɗa shi da su ta wajen uba ba, alamar cewa a wani mataki uban da aka rubuta ba shi ne ya haifa ba. An sake binne sarkin a babban cocin birnin a Maris 2015.

Amfanin rajistar ya wuce na iyali guda. A 1981 E. A. Wrigley da R. S. Schofield suka ƙiyasta yawan mutanen Ingila daga 1541 zuwa 1871 bisa littattafan yankunan coci 404. Gwajin DNA kuma yana da nasa nauyin, domin yakan tona sirrin da dangi ba su nemi a tona ba, kamar yadda 'yan sandan California suka yi amfani da rumbun bayanan DNA na GEDmatch a 2018 wajen kama wani mai kisan kai ta hanyar danginsa na nesa. Masana fannin sukan fi amincewa da nasaba idan rubutacciyar hujja da shaidar jini suka dace da juna.