Miksomisat: halittar ruɓaɓɓen icce da masu hoto ke bi da rarrafe

Miksomisat, wadda masana ke rubutawa myxomycètes da Faransanci, halitta ce mai rayuwa kan ruɓaɓɓen icce da matattun ganyaye a daji mai laima. An daɗe ana lissafa ta cikin dangin funfuna da naman kaza, daga baya bincike ya nuna danginta amiba ne. Nau'o'in da aka sani sun kai kimanin 1.000.

Rayuwarta hawa biyu ce. Da fari takan zama wani abu mai yauƙi kamar kunu, ƙwayar halitta guda mai cibiyoyi masu ɗimbin yawa, tana malala a hankali tana cin bakteriya. In abinci ya ƙare ko wuri ya fara bushewa, sai ta tsiro da ƴan kawuna masu ɗauke da ƙurar iri, galibi tsawonsu milimita 1 zuwa 3. Waɗannan kawunan, ja ko ruwan ɗorawa ko masu ƙyalli kamar ƙarfe, su masu hoto ke nema.

Wahalar aikin ita ce, in kyamara ta matso kusa haka, siririn yanki kaɗai ke fitowa tas, sauran duk dishi-dishi. Shi ya sa ake kafa ta a kan ƙafafu, a ɗauki hotuna gommai, wani lokaci fiye da 100, kowane an ɗan gusa saitin, sannan kwamfuta ta haɗe su hoto guda. Iska kaɗan ta kaɗa, aikin ya ɓaci. Barry Webb na Ingila ya yi suna da wannan salo. Mai gaggawa ba ya iya wannan sana'a: siffa da launin halittar kan sauya cikin sa'o'i, wanda ya dawo gobe sai ya tarar da wani abu dabam.

A Faransa an fi sanin nau'in Physarum polycephalum da laƙabin "blob". Gidan namun dajin Paris ya baje shi ga jama'a a 2019, Thomas Pesquet kuma ya yi gwaji da shi a tashar sararin samaniya a 2021. Tun a 2000 Toshiyuki Nakagaki na Japan ya nuna yana gano gajeriyar hanya zuwa abinci, alhali ba shi da ƙwaƙwalwa.

Ana samun miksomisat har a busassun yankuna. Masana kan jiƙa ɓawon icce cikin rufaffen kwano, su jira kwanaki ko makonni su ga abin da zai tsiro. Dajin da aka kwashe wa matattun itatuwa ƙaf kuwa, nau'o'i da dama sun rasa wurin zama a cikinsa.