Poka: ƙa'idojin wasan da dabarun da ƴan koyo ya kamata su sani

Poka wasan karta ne da ya samo asali a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 19, daga nan ya bazu ta jiragen ruwan kogin Mississippi. Masana tarihi da dama na danganta sunansa da wani tsohon wasan Faransawa mai suna poque. Nau'in da ya fi shahara a yau shi ne Texas Hold'em, wanda da shi ake buga babban wasan gasar duniya da aka soma a Las Vegas a 1970. Wasan ya ƙara farin jini a 2003, lokacin da wani akanta, Chris Moneymaker, ya samu gurbin shiga gasar ta intanet, ya kuma lashe dala miliyan 2.5.

Yadda ake buga shi

Ana amfani da karta 52 masu alamomi 4, waɗanda masu jin Faransanci suka sani da cœur, carreau, trèfle da pique. Kafin rabo, mutum biyu da ke hagun mai rabawa suna yin zubin dole, ƙarami da babba. Kowane ɗan wasa zai karɓi karta 2 a rufe. Sai a buɗe karta 5 a tsakiyar tebur, na kowa da kowa: 3 a tashi ɗaya, sannan 1, sannan ta ƙarshe.

Ana zagayen zubi sau 4: bayan rabo, da kuma bayan kowane buɗi. Wanda layi ya zo kansa zai iya zuba daidai da abin da na gabansa ya zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya ajiye kartarsa ya janye. Idan ba a zuba komai ba a zagayen, yana iya cewa ya wuce. A ƙarshe kowa zai haɗa karta 5 mafi kyau daga cikin 7 da yake da su, mai haɗi mafi ƙarfi ya kwashe tulin. Idan kuwa kowa ya janye, wanda ya rage shi ke ci ba tare da ya nuna kartarsa ba.

Darajar haɗi, daga ƙasa zuwa sama

Karta mafi girma. Biyu masu lamba ɗaya. Irin wannan biyun sau biyu. Uku masu lamba ɗaya. Biyar a jere. Biyar masu alama ɗaya. Uku da biyu. Huɗu masu lamba ɗaya. Sai biyar a jere masu alama ɗaya. Ƙololuwa ita ce jerin da ya tashi daga 10 zuwa as a alama ɗaya, wanda a rabon karta 5 yake fitowa sau 1 cikin 649,740.

Dabarun farko

Babban kuskuren ɗan koyo shi ne shiga kowane rabo. Ƙwararru suna ajiye mafi yawan kartar da aka ba su tun kafin buɗin farko, domin hannu mai ƙarfi ba ya zuwa kullum: as biyu, alal misali, sau 1 ne cikin 221.

Wurin zama ma yana da tasiri. Wanda ke magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da sauran suka yi, don haka ya fi su sanin inda aka dosa.

Sai lissafi. A ce mutum yana da karta 4 masu alama ɗaya, saura buɗi guda. Karta 9 ne cikin 46 za su cika masa haɗin, wato kusan kashi 20 cikin 100. Idan tulin jeton 400 ne, ana neman ya zuba 100, cinikin ya yi kusan daidai. Idan kuwa 300 zai zuba don neman 600, janyewa ta fi.

Burga, wato zuba da yawa da hannu maras ƙarfi don abokin karawa ya tsorata, ita ce finafinai suka fi nunawa. Amma ba ta cika aiki a kan ƴan wasa da yawa ba, ko a kan wanda ba ya janyewa ko ta halin ƙaƙa.

Batun kuɗi

Poka da kuɗi caca ce. Gidajen caca da manhajojin waya suna cire kasonsu daga tulin, shi ya sa idan aka haɗa abin da ƴan wasa suka ci da abin da aka cinye su, asara ce ke rinjaye. Musulunci ya haramta caca, kamar yadda ya zo a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, dokoki kuma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Masu son wasan don wasa ƙwaƙwalwa kawai suna buga shi da jeton da ba a canza su zuwa kuɗi, ko ma da duwatsu ko ƙwayar wake.